Riyakta ɗaya gare ni: in haɗa kabon da maganin fosfet a ciki, ko in raba su?

Abu Hanan, Abuja

Assalamu alaikum warahmatullah. Masu tankin ruwan gishiri, ina neman shawararku kafin in taɓa komai.

Tankina lita 300 yake ci, akwai kuma ƙaramin tankin tacewa a ƙarƙashinsa mai kamar lita 70, inda sikima, wato na'urar da ke fitar da datti ta hanyar kumfa, da famfon mayar da ruwa suke. Ya haura shekara da kafawa. Kifayen ba su da yawa: kilaun biyu, tang ɗaya irin Tomini, gobi ɗaya, da jatan lande guda biyu. Murjani kuwa akwai zowa kala-kala, mai kan guduma ɗaya, Montipora biyu, sai wani babban murjanin fata da ya kusa cinye kusurwar hagu shi kaɗai.

Tun bayan babbar sallah wata koriyar gansakuka mai gashi-gashi ta fara fitowa a kan duwatsu. In na tsige ta ranar Asabar, kafin Juma'a ta dawo. Gilashin ma in ya kwana biyu ba a goge ba sai ya yi dusu-dusu. Amma abin da ya fi tsaya min a rai Montipora ne. Da jajaye ne, da farin baki a gefe alamar suna girma. Yanzu sun koma ruwan ƙasa, farin bakin ya ɓace. Da na zo canjin ruwa na zuba tsohon a farin bokiti, sai na ga ya ɗan yi rawaya-rawaya.

Ga awon da na yi jiya da dare: gishiri 1.025, zafi digiri 26, alkaliniti (abin da murjani ke haɗawa da kalsiyam ya gina ƙashi) 8.3, kalsiyam 420, naitiret wajen 15. Na'urar Hanna HI736 da nake auna fosfet da ita, wato sinadarin da ke ciyar da gansakuka, ta nuna min 98.

Yayana ya taho min da tsaraba daga Dubai: riyakta ɗaya (kwalbar da ake zuba kayan tacewa ruwa ya bi ta cikinsu) da ɗan famfonta, robar RowaPhos mai rage fosfet, da kabon tace ruwa na ROX 0.8. Abin da nake son sani, zan iya zuba su biyun a riyakta ɗayan nan? In zai yiwu, wanne ne a ƙasa, kuma nawa zan sa? Burina fosfet ɗin ya koma sifili cikin mako guda in huta da tsigar gansakuka. Sannan in ROX ɗin ya ƙare, kabon da masu kamfanin fiya wata ke amfani da shi zai yi? Shi ana samunsa a nan cikin sauƙi, kuma da araha.

Wani abu kuma, inbata tawa famfon mayar da ruwa da mai kaɗa ruwa kawai take ɗauka. Sauran kayan suna kan layin gida, kuma akan ɗauke mana wuta awa biyar, shida. Allah ya saka da alheri.

Baffa Jidda

Wa'alaikumus salam warahmatullah. Abu Hanan, sannu da ƙoƙari. Riƙe murjani a garin da babu teku, ga kuma sha'anin wuta, ba ƙaramin aiki ba ne. Ni sana'ata ke nan a nan Jidda, kula da tankunan gidaje da na ofisoshi, don haka bari in faɗa maka yadda nake yi da hannuna.

Abubuwan nan biyu da aka kawo maka halinsu ba ɗaya ba ne. RowaPhos da PhosBan da sauran danginsu da ake kira GFO, tsatsar ƙarfe ce aka sarrafa ta koma tsaki-tsaki, fosfet yana mannewa a jikinta. In ka bar ta zaune ba motsi, dunƙulewa take yi ta zama curi, ruwa ya huda wa kansa hanya ɗaya ta gefe ya yi ta wucewa, sauran duk a yi asararsu. Saboda haka tana son motsi, amma kaɗan. Ka rufe bawul ɗin gaba ɗaya, ka kunna famfo, sannan ka riƙa buɗewa a hankali idonka na kan riyakta, har ka ga saman tsakin kaɗai yana rawa, kamar kunu ya fara tafasa, ƙasan kuma yana zaune. Nan za ka tsaya. In ka ga ƙwayoyin na tashi har rabin riyakta suna juyi, ruwan ya yi yawa. Za su niƙe juna, jan gari ya biyo tiyo ya sauka a kan murjaninka.

Shi kuwa kabon ba ya son motsi ko kaɗan. Matse shi ake yi tsakanin soso biyu ruwa ya ratsa shi. In ya yi ta birgima baƙar ƙura yake zubarwa, kuma kai mai tang ne, wannan ƙurar ba abin wasa ba ce a wurinka. A 2011 Jay Hemdal na gidan namun dajin Toledo a Amurka ya gwada wannan a kan wani nau'in tang. Waɗanda aka sa wa kabon lignait (na wani irin kwal) mai ƙura sun kamu da cutar nan da ke zaizaye fatar kai da layin gefen jiki, waɗanda ba a sa wa kabon ba kuwa lafiya lau. Naka ROX ɗin yana da tauri, ƙurarsa kaɗan ce, yayanka ya iya zaɓe. Duk da haka ka wanke shi da ruwan RO, wato wanda na'urar tace ruwa ta tsarkake, har ruwan ya fito fes.

To ka ga ɗaya na son rawa, ɗaya na son zama, bawul kuma ɗaya ne. Ga kuma lokacin canji ya bambanta. Kabon nakan zubar da shi bayan mako biyu zuwa huɗu, GFO kuwa sai awo ya nuna ta ƙoshi. Shawarata, ka bar wa RowaPhos riyaktar. Kabon ka sa shi a jakar raga mai ƙananan ido, ka ɗaure bakin sosai, ka cusa ta tsakanin gilasan da suka raba tankin ƙasa, inda dole ruwa ya bi ta cikinta ba ta gefenta ba. Bai kai aikin riyakta ba, gaskiya ne, amma ga lita 300 ya isa ya ɗauke rawayar nan. Kuma kana buƙatarsa ko ba don kala ba. Murjanin fata yana sakin wasu sinadarai a ruwa don hana maƙwabtansa sakewa, masu ƙashi irin Montipora su suka fi jin jiki. Wanda ya haɗa waɗannan biyun a tanki ɗaya, ni ban yarda ya zauna ba kabon ba.

Ma'aunin ROX, babban cokali ɗaya ga kowace lita 40. Naka zai kama cokali bakwai zuwa takwas. Ka fara da huɗu. Dalili, ruwan da ya daɗe da rawaya yana tare haske, musamman shuɗin. Ranar da ya washe gaba ɗaya, murjanin da ya saba da inuwa sai ya ji fitila ta ƙaru masa ba shiri, ya fara fari. In fitilarka ana iya rage ta, ka ɗan sauke ta na mako guda, ka mayar a hankali.

Batun sifili cikin mako guda, don Allah ka cire shi daga ranka. Ina shiga gidajen da fosfet ya kai naka har ya wuce, murjani na nan da ransa, ya dai yi duhu. Gidajen da nake tarar da ƙashi fari tas su ne inda aka cika riyakta maƙil aka kunna, fosfet ya faɗi dare ɗaya. Ka duba abin da aka rubuta a jikin robar na girman tankinka, ka sa kashi ɗaya cikin huɗu. Ruwan farko da zai fito ja ne, ka tare shi a bokiti har ya washe kafin ka mayar da tiyon cikin tanki. Daga nan ka riƙa awo biyu, na ruwan tanki da na bakin tiyon riyakta. Muddin na bakin tiyo ya fi ƙasa, tana aiki. Ranar da suka yi daidai, ta ƙoshi.

Tambaya ɗaya gare ka: da wane ruwa kake haɗa gishiri da cike gurbin wanda ya ƙafe, kuma nawa TDS ɗinsa, wato awon abubuwan da suka narke a cikinsa?

Maman Ihsan, Zariya

Salam. Baffa ya gama magana a kan riyakta, ni zan taɓa lissafin ne, tunda aikina a ɗakin gwaje-gwaje yake.

Malam Abu Hanan, 98 ɗin nan ba fosfet ba ne kai tsaye. HI736 fosfaras take aunawa, a ma'aunin ppb, wato kashi nawa cikin biliyan. Nauyin fosfaras 31 ne, na fosfet 95, don haka sai ka ninka da 3.066. Naka ya zama ppb 300, wato 0.30 ppm (kashi cikin miliyan). Yawancin masu murjani suna neman tsakanin 0.03 da 0.10, wanda a na'urarka zai nuna 10 zuwa 33. Wannan za ka sa a gaba, ba sifili ba. 'Yan halittun da ke zaune cikin naman murjani suna ciyar da shi, su ma fosfet suke buƙata. In ya ƙare ƙarƙaf murjanin ya koɗe, sannan sau da yawa wata yauƙaƙƙiyar ƙazanta mai ruwan ƙasa da kumfa, wadda ake kira daino, ta mamaye yashi. Wasu nau'o'inta na da guba, suna kashe dodon koɗi, kuma korar ta ta fi tsigar gansakuka wuya nesa ba kusa ba.

Akwai abin da nake so ka shirya masa tun yanzu don kada ka ce maganin jabu ne. Duwatsunka da yashinka alli ne, kalsiyam kabonet, kuma fosfet na mannewa a jikinsu. Duk watannin da ruwan ya yi da 0.30, su ma suna sha. Da zarar ka rage na cikin ruwa, sai su fara sako nasu. Za ka ga awo ya sauka zuwa 60, bayan kwana uku ya koma 80. Ba wata matsala ba ce, ajiyar ce take fitowa. Shi ya sa zubin farko na GFO kan ƙoshi da wuri, wani lokaci ƙasa da mako, na baya kuma su daɗe. Ita ma gansakukar tana riƙe da nata kaso, don haka ka ci gaba da tsigewa kana fitar da ita daga tankin, kada ka bari ta ruɓe a ciki.

Ka sa ido a kan alkaliniti. GFO kan ja shi ƙasa kaɗan, saboda alli na taruwa a kan ƙwayoyin da soson riyakta. Wani abin kuma, fosfet mai yawa yana hana murjani gina ƙashi, to in ya ragu Montipora za su farka su fara cin alkaliniti fiye da da. Duk ranar da ka auna fosfet ka auna shi ma.

Wajen awon kansa, kwalbar ta zama a goge ba sawun yatsa, ka tabbatar duk garin da ke cikin fakitin ya zuba, ka girgiza a hankali minti biyu, ka bar kumfa ta kwanta. Ka riƙa wanke ta nan take, in shuɗin ruwan awon ya kwana a ciki yana rina gilashin.

Kabon masu fiya wata kuma, galibi na ɓawon kwakwa ne. Kafofinsa ƙanana ne ƙwarai, ya ƙware wajen cire kulorin da wari daga ruwan sha, amma abubuwan da ke sa ruwan tanki rawaya manya ne, ba sa shiga da kyau. Zai yi aiki, sai dai bai kai na kwal ba. Abin da na fi tsoro shi ne buhun da ba a rubuta komai a jikinsa ba. Akwai kabon da ake sarrafawa da asid na fosfaras, musamman na itace, wanda zai iya zuba maka abin da kake kashe kuɗi kana cirewa. Ka jiƙa cokali ɗaya a kofin sabon ruwan gishiri ya kwana, ka tace, ka auna, ka gwada da ruwan da ba a sa komai ba. Gawayin girki kuma kada ma wani ya ba ka shawararsa. Na tacewa sai an gasa shi da tururi a zafin da ya kai digiri 800 zuwa sama kafin kafofin su buɗe, har giram ɗaya ya sami fili kusan murabba'in mita 1000 a cikinsa.

Sani Ikeja

Baffa, da girmamawa, ni a wuri ɗaya na saɓa maka. Haɗawa nake yi, kuma tankina lafiya. Kashi ɗaya GFO, kashi biyu kabon, in cakuɗa su sosai a kwano, in zuba, in danne da soso ta sama yadda ba abin da zai motsa. Kabon ɗin shi ke shiga tsakanin ƙwayoyin GFO ya hana su dunƙulewa, don haka ba a buƙatar rawar. Abin da ba na yi shi ne jera su hawa-hawa a bar fili, nan ne ake samun niƙa. Asarar da ke ciki na sani, ranar zubar da kabon dole GFO ta bi shi ko ba ta ƙoshi ba. Amma wanda fosfet ɗinsa ke 0.30, ai GFO ɗin ce ma za ta riga ƙarewa.

Abin da ya sa na shigo shi ne maganar wuta, don Baffa a Jidda ba ya fama da wannan. Riyakta rufaffiyar kwalba ce cike da ƙwayoyin cuta masu shaƙar iska. In famfo ya tsaya, iskar da ke cikin ruwan nan ba ta daɗewa, balle da zafin garinmu. Ruwan teku kuma cike yake da salfet. In tsayuwar ta yi tsawo, wasu ƙwayoyin sukan juya shi ya koma iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda guba ce ga kifi. Sai a kawo wuta ƙarfe uku na dare kana barci, famfo ya tashi da kansa ya juye wannan ruwan cikin tanki. Ba kullum yake kai wa haka ba, amma ba abin da za a yi caca da shi ba ne.

Famfon riyakta bai fi wat biyar zuwa takwas ba, inbata ba za ta ma ji shi ba. Ka mayar da shi can. Ko ka sa mahaɗa mai baki uku a bututun famfon mayar da ruwa, da ɗan bawul, ka ciyar da riyaktar daga nan, ka ajiye ƙaramin famfon. In duk ba su yiwu ba, ana ɗauke wuta ka zare filoginsa, in an kawo ka zuba lita biyun farko a bokiti ka shinshina kafin ka mayar. Kuma riyaktar ta zauna cikin tankin ƙasa, ko ka rataye ta yadda in ta yi yoyo ciki za ta zuba, ba kan tayil ba.

Abu Hanan, Abuja

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Hajiya, lissafin nan ya warware min abin da ya daɗe yana ɗaure min kai.

Baffa, ruwan burtsatse ne, yana bi ta na'urar RO mai matakai huɗu. Yanzu na auna, TDS 11. Garin DI na matakin ƙarshe, mai tsotse ragowar abin da RO ta bari, da shuɗi ne, yanzu ya koma ruwan ƙasa tun daga ƙasa har sama. Na yi odar sabo daga Legas, sun ce sai mako mai zuwa. A rana nakan ƙara kamar lita huɗu saboda ƙafewa. Abinci kuma ƙanƙarar maisis (ƙananan jatan lande) ɗaya da safe, 'yan ƙwayoyi da yamma.

Malam Sani, na duba, akwai sauran soket a layin inbata, zan mayar da famfon can. To yanzu in kunna riyaktar yau, ko in jira DI ɗin? Kuma tsakanin hanyarka da ta Baffa wacce zan bi?

Baffa Jidda

Sani ya yi gaskiya a kan wuta, ka bi maganarsa. Haɗawar da yake yi ma hanya ce sananniya, ban ce ba ta aiki ba. Abin da ya sa ban ba ka ita yanzu ba, kana cikin lokacin da za ka riƙa ƙara cokali, rage cokali, wani sa'in ma ka kashe riyaktar kwana biyu in fosfet ya yi saurin sauka. In a haɗe suke, duk abin da ka yi wa ɗaya ka yi wa ɗayan. Ranar da awonka ya zauna wajen 20 zuwa 30 ya daina hawa da sauka, ka koma hanyar Sani in ka ga dama.

TDS 11 kuwa, ƙanena, ina kyautata zaton mun kama bakin zaren. Ruwa ne ke ƙafewa, abin da ke cikinsa yana nan. Lita huɗu kullum, a wata lita 120 ke nan na ruwan da ba a gama tacewa ba. Kuma garin DI in ya ƙoshi ba tsayawa kawai yake yi ba, yana sako abubuwan da bai riƙe da ƙarfi ba, silika na kan gaba. Ita ma GFO tana kama silika, wato za ta cika maka gurbin da fosfet ya kamata ya zauna, RowaPhos kuma ba a bakin titi ake samunsa ba. Ka haɗa lita ɗaya ta sabon ruwan gishiri da wannan ruwan ka auna da Hanna, za ka ga ko nawa kake zubawa. Ka kuma auna TDS kafin RO da bayanta, kafin DI. Lafiyayyar fatar tacewa ta RO tana cire sama da kashi 95 cikin 100. In ba ta kai haka ba, sabon garin ma ba zai daɗe ba.

Kabon ka sa yau, cokali huɗu a jaka. Riyaktar ta jira DI. In ya iso kuma TDS ya nuna sifili, ka canza lita 40, ka tsige gansakuka ranar, washegari ka auna, sannan ka kunna da rubu'in da na ce. Maisis ka narkar da shi a ɗan rariya ka zubar da ruwan, kada ka rage wa kifin abinci. Robar RowaPhos kuma ka rufe ta gam bayan kowane ɗiba, da danshinta take aiki, ga hunturu na tafe. In awon ya sauka zuwa 60 ka rubuto mana shi tare da alkaliniti na ranar, sai mu ga ko za a ƙara cokali ko a bar shi haka.